Kwaɗo a Ƙofar Tela

Ranar da dokar kulle ta cika sati biyu Direba ya sa aka ɗauke keken ɗinkin ƙaninsa Tela daga shagon bakin titi, aka shigo da shi ɗakin ajiya na ƙuryar gida. Ɗakin tsofaffin tayoyi ne da jarkoki, taga ɗaya gare shi can sama, wadda ko mage sai ta matse za ta wuce. Auta, ƙanwarsu, ita ta share shi, tana shara tana tari.

"Yaya, a nan zai yini? Ko juyawa mutum ba zai iya ba."

"Juyi zai yi ko ɗinki?" in ji Direba. "Ke dai kwashe ƙurar, ban tambaye ki shawara ba."

Gidan kam yana cikin wani hali, wannan babu mai musu. Motar haya ta Direba tana ƙofar gida a lulluɓe, makarantar da Auta take koyarwa an garƙame ta, ga baki tara suna jiran tukunya. Sana'a ɗaya ce annoba ta bari da rai a gidan, ita ce ɗinkin takunkumin fuska. Tela kuwa hannu gare shi. Takunkuminsa ninki uku ne, yana zama daram a kan hanci, robarsa ba ta cin kunne. Wani mai kyamis daga can ƙetaren gari, wanda yake da takardar izinin yawo, ya ga samfuri ya ce duk sati zai zo da kansa ya ɗauki kwali guda.

Abu ɗaya ne ya tsaya wa Direba a maƙogwaro. Tela yana da farfaɗiya. Shekara shida rabonsa da faɗuwa, domin ƙwaya ɗaya da safe ɗaya da yamma ba ta taɓa wuce shi ba, amma tsofaffin unguwa ba su manta ba. Wata maƙwabciya ta ɗauki takunkumi ta juya shi, ta yaba, da ta ji wanda ya ɗinka sai ta ajiye shi ta goge hannunta a zaninta. Ta ce riga da wando daban, amma abin da za a ɗora a baki da hanci, ai yawunsa kaɗai ya isa ya shafa wa mutum. Ƙarya ce tsagwaronta, likitoci sun faɗa sun gaji da faɗa, ba a ɗaukar farfaɗiya daga jikin kowa. Amma Direba ba gaskiya yake sayarwa ba, takunkumi yake sayarwa.

Sai aka shirya magana. Za a ce matar Direba, wadda suke kira Anti, ita ce mai ɗinkin. Matar da ko maɓalli ya cire sai ta aika wa Tela, yanzu ga ta da tef ɗin awo a wuya da almakashi a cinya, tana yi wa masu saye bayanin ninki uku. Shi kuma mai aikin aka sa masa kwaɗo ta waje, wai don kada yara su buɗe ƙofa a gan shi. Da farko sai baƙo ya zo ake rufewa. Da masu saye suka yi yawa sai Direba ya ce rufe da buɗe ɗin nan wahala ce, a bar shi a rufe daga karin kumallo har azahar, daga azahar har faɗuwar rana. Mukullin yana cikin aljihunsa, haɗe da na mota.

Tela ya shiga ɗakin ya hau kekensa. Mutum ne da ya girma yana ba da haƙuri a kan laifin da ba nasa ba.

Ranar da aka sassauta doka don a yi cefane, Auta ta ɗauki katinsa ta taka da ƙafa har asibitin da yake karɓar magani. Ta tarar an kewaye sashen da igiya, an mayar da shi wurin killace masu annoba. Mai gadi ya tsayar da ita tun daga nesa.

"Malama, koma. Masu irin wannan kati an ce su jira sanarwa."

"Baba, maganinsa saura na kwana goma sha biyu."

"To ni me zan yi miki? Ke ce ta wajen ashirin yau."

Ta bi ƙananan shagunan magani biyu na kusa da gida, duka suka ce ba sa ajiye irinsa. Ta dawo ƙafafunta a kumbure, ta faɗa wa Direba. Ya karɓi katin ya sa a aljihu, ya karɓi kwalbar maganin ya girgiza ta kusa da kunnensa.

"To ai sai a yi tattali. Daga gobe a daina shan na safe."

Tela ya ɗago kai daga kwanon abincinsa. "Yaya, likita ya ce ko sau ɗaya kada in tsallake."

"Likitan yana ina yanzu? Sha biyu in an raba ya zama ashirin da huɗu, wannan ko yaro ya sani. Kuma dama na safen nan shi ke sa ka gyangyaɗi a kan keke. Jiya da na buɗe ƙofa kanka a kan tebur na same ka."

Auta ta dube shi. Nan take ta gane ba tattali ne ya dame shi ba, gyangyaɗin ne.

Aka daina na safe, ɗinki ya ƙaru, Direba ya riƙa yabon dabararsa a gaban kowa. Tela yakan hau keke tun gari bai gama wayewa ba, barcinsa ya ragu, idanunsa suka faɗa. Yankakken yadi da buhunan takunkumin da aka gama suka cika ɗakin har ya zama hanya ɗaya ce siririya daga ƙofa zuwa kujerarsa. Auta ita ke guga da sa wa a leda, saboda haka ta fi kowa ganin yadda layin ɗinkinsa, wanda da kamar an ja da rula, ya fara karkacewa.

A rana ta tara ya faɗi. Allah ya sa an buɗe masa ya fito cin abinci, a tsakar gida abin ya same shi. Jikinsa ya sandare, sannan ya hau jijjiga, kansa yana bugun siminti. Anti ta kwashi 'ya'yanta ta yi ɗaki da su tana cewa kada wanda ya taka wurin. Auta ta cire mayafinta ta tura ƙarƙashin kansa, ta janye murhu daga kusa da shi, ta juya shi ta gefe kamar yadda ma'aikaciyar jinya ta koya mata tun tana 'yar sakandare, kumfa ta zubo ƙasa. Minti biyu ya lafa. Da ya farfaɗo ya dube ta da jajayen idanu, kalmar da ta fara fitowa daga bakinsa ita ce, "Yi haƙuri."

Anti ta fito da sanda ta tura kofin da ya sha ruwa da shi cikin kwata.

Da yamma Auta ta sami Direba yana goge gilashin motar da ba ta zuwa ko'ina.

"Yaya, mai kyamis ɗin nan babban shago gare shi. Jibi zai zo. Ka nuna masa katin kawai, in yana da shi ya taho mana da shi."

Direba ya daina gugar. "In nuna masa kati in ce na waye?"

"Ka ce na wani ɗan'uwa ne."

"Da sunan gidan nan a jiki? Mutumin da ya ƙoshi da boko? Yana gani zai haɗa lissafi, gobe ki ji ya koma wani wuri. In ya tafi ke za ki ciyar da mu? Da wane albashin?"

"To ba ni katin in je in nema a wani wurin."

"Ki je shingen sojoji su zane ki, a ce ni na aike ki. Wannan faɗuwa gajiya ce kawai. Da can da babu maganin bature mutuwa ya yi? Ki bari a buɗe gari, da kaina zan kai shi."

"Ko kwaɗon ne a cire, Yaya."

"Auta, gidan nan nawa ne ko naki?"

Ta juya ta tafi. Ta tsane shi a wannan lokacin, tsana ta gaske, kuma ta tsani kanta da take cin abincin da ake saye da wannan ɗinki.

Ashirin da huɗun Direba ma ba ta cika ba. Bayan faɗuwar ya tsorata, ya ce a koma biyu a rana na ɗan lokaci, da ya ga gyangyaɗi ya dawo ya ce a koma ɗaya, har kwalba ta ƙare babu wanda ya yi maganarta. Faɗuwa ta biyu a banɗaki ta same shi, ya fasa goshi. Ta uku a kan keke, allura ta shige masa yatsa. Harshensa ya tattaune har abinci mai zafi ya gagare shi. Ya fara ɗinka roba a gefe ɗaya ya manta ɗayan, Direba ya kwaso su ya watsa masa a cinya.

"Kai da gangan kake yi. Ka ga an dogara da kai shi ne kake mana yanga. Shekara nawa ina ɗauke da kai a gidan nan?"

Anti kuma kullum maganarta ɗaya ce ga Auta: ita fa tana da ƙananan yara, kuma ba ita ta ɗora masa ciwon ba.

Wata azahar Auta ta kai masa abinci, ta tsaya a bakin ƙofa domin babu wurin zama.

"Auta," ya ce, muryarsa a daƙile saboda harshen, "kin san kafin ya zo ina jin warin ƙonewa, kamar an bar dutsen guga a kan yadi. Daga nan ina da kamar ƙirga ashirin. Da a shago ne sai in sauka in kwanta ta gefe. Dubi nan. Ina zan kwanta?"

Ta duba. Keke, kujera, bango, buhuna.

"In na ji warin zan buga ƙofa sau uku. Ki zo, ko me kike yi."

"Zan zo, Yaya Tela."

"Ba mutuwar nake tsoro ba sosai. In mutu ni kaɗai a cikin tsumma, shi ne ba na so."

"Ka daina wannan maganar. Na ce zan zo."

Ranar Laraba da hantsi mai kyamis ya iso. Mutum ne mai tsabta da son hira, da takunkumi fari da kwalbar man wanke hannu a aljihun gaba. Aka shimfiɗa masa kujera a inuwar tsakar gida, taku goma daga ɗakin ajiya. Anti ta rataya tef ɗinta, Direba ya zauna a benci, Auta a gefensa da kwalin da aka cika. Keke ya yi shiru kamar yadda aka saba in ya zo.

Mai kyamis ya ce wata makaranta tana shirin buɗewa, yana so a ninka masa kaya. Direba ya washe baki har kunne. Ana cikin haka aka buga ƙofa. Ɗaya, biyu. Na ukun bai zo da ƙarfi ba.

Auta ta yunƙura. Hannun Direba ya sauka a wuyan hannunta a ƙarƙashin kwalin, ya matse har ta ji ƙashi. Fuskarsa tana wajen baƙo, yana murmushi.

Sai ƙarar faɗuwar kujera, sai wani bugu a jere, dunduniya a jikin ƙarfen keke.

"Lafiya kuwa?" in ji mai kyamis.

"Yara ne," in ji Anti, ta miƙa hannu ta ƙara muryar rediyo. "Tun da aka rufe makaranta sun hana mu sakat."

Mai kyamis ya yi dariya, ya shiga ba da labarin nasa yaran, yadda suka fasa masa talabijin. Auta tana kallon agogon hannunsa. An koya mata in ya wuce minti biyar to a nemi asibiti. Ta ga biyar ta wuce. Bakinta ba a ɗaure yake ba, wannan ita ma ta sani, kuma har ta mutu ba za ta daina sani ba. Kalma ɗaya za ta yi mutumin nan ya miƙe. Amma Direba ya sunkuyo kamar zai gyara kwali, ya ce mata a kunne, "Yanzu zai tafi. Kullum ba tashi yake yi ba?" Ita kuma ta ce a ranta, haka ne, kullum yana tashi. Ta ce bari baƙon ya gama wannan labarin. Ya gama ya kama wani.

Bugun ya ragu, ya koma jefi-jefi, ya tsaya. Har ga Allah sai ta ji sanyi a ranta, ta ce ya lafa.

Mai kyamis ya shafa mai a hannunsa, ya ɗauki kwali, Direba ya raka shi har mota da mukullin a aljihu, suka ƙara tsayawa a can suna sallama. Auta ta ɗauki taɓarya ta doki kwaɗon, a bugu na huɗu ya ɓalle.

Tela ya faɗa ne tsakanin keke da bango, rub da ciki. Buhun takunkumin da ya gama da safe ya kife, fuskarsa ta nutse a ciki. Ta ja shi, wurin ya yi ƙunci, sai da ta ture keken ya faɗi sannan ta iya juya shi. Leɓunansa sun yi shuɗi. Ta share masa baki, ta kira shi, ta danna ƙirjinsa, ta sake kira. Direba ya shigo yana tambayar wa ya fasa masa kwaɗo.

Mutum goma doka ta yarda su raka gawa, goman ma ba su cika ba. Masu gaisuwa suka riƙa tsayawa daga bakin ƙofa, Direba yana karɓa da jan ido, kuma kukansa na gaske ne, wannan shi ya fi ba Auta haushi. Duk wanda ya tambaya amsa ɗaya yake ba shi.

"Annobar nan ce. Ba ita ta kama shi ba, amma ita ta kashe shi. An rufe asibiti, an rufe hanya, ya za mu yi? Babu irin ƙoƙarin da ban yi ba."

Mutane suka gyaɗa kai, suka tsine wa annoba, suka tsine wa masu rufe asibiti. Masu rufe asibitin suna da nasu kason, Allah ya sani, amma ba su ne suka sayo kwaɗo ba, kuma mukulli bai taɓa kwana a aljihunsu ba. Irin su Tela da yawa sun tafi a wannan shekara ba tare da sun yi tari ko sau ɗaya ba. Ba a karanta su a rediyo da yamma cikin adadin waɗanda annoba ta ci ba, ba a kuma rubuta su a ko'ina ba, gidajensu suka ce kwana ne ya ƙare.

Kwana biyu da binne shi Auta ta fito ta ga igiyar shanya cike da takunkumi daga bango zuwa bango. Anti ce ta juye buhun nan a baho, da safar roba har gwiwar hannu, ta wanke su da ruwan zafi.

"Anti, waɗannan ai a cikinsu ya mutu."

"To a zubar? Yadi ne fa, an wanke. Ke dai kawo dutsen guga."

Auta ba ta goge ba. Anti ta goge abinta, ta sa a leda, ta cika kwali.

Laraba ta zagayo, mai kyamis ya dawo. Ya ji an yi rasuwa, ya yi gaisuwa, ya ce bai ma san Direba yana da ƙane a gidan ba. Direba ya ce ai mai jinya ne, ba ya fita. Anti ta turo kwali gabansa da tef a wuya.

Auta ta fito daga ɗaki ta tsaya a gabansu, ba ta ko gaishe shi ba.

"Wanda ya rasu shi ne mai ɗinka maka takunkumi. Wannan matar ko zare ba ta iya sa wa allura ba. Farfaɗiya gare shi, maganinsa ya ƙare, aka hana mu tambayarka don kada ka daina saye. Bugun da ka ji ranar nan ba yara ba ne. Shi ne yake mutuwa a bayan waccan ƙofar, ni kuma ina zaune a nan ina kallon agogonka."

"Auta," in ji Direba, ya miƙe.

"Zauna, Yaya. Me ya rage da za ka matse?"

Mai kyamis ya dubi ƙofar ɗakin ajiya, ya dubi Direba. Ya tambayi sunan maganin. Auta ta faɗa masa, ta haddace shi tun tana yarinya.

"Kai, bawan Allah," ya ce wa Direba a hankali. "Kwali biyu gare ni na wannan a kan kantar shagona. Tun da aka rufe gari masu sayensa suka daina zuwa, har ya kusa lalacewa. Da ka yi magana ko kyauta ai na kawo. Kuma wa ya ce maka ana ɗaukar farfaɗiya? Ba a ɗauka."

Direba ya koma ya zauna a benci.

Mai kyamis ya girgiza kai, ya yi tsaki, ya ce Allah ya jiƙansa. Sannan ya rage murya ya ce maganar nan gara ta tsaya a cikin gida, domin shi ya sani amma masu saye ba su sani ba, kuma makarantar nan gobe take jiran kaya. Ya zaro kwalbarsa ya shafa mai a hannu, ya taɓa kwalin da ƙafa, ya dubi Anti.

"An dai wanke su ko?"

"An wanke," in ji Anti.

Ya sunkuya ya ɗauka.